Za Mu Tafi Gida a Mota, Maiɗakina Ta Ce Ba Za Ta Kwana a Titi Ba

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12 ta Legas, ina zaune a Agege da iyalina. Shekara huɗu ke nan rabona da gida. Bara Allah ya hore mini na sayi Sienna ta hannu, ga shi kuma an sa bikin ƙanwata a Haɗeja cikin Disamba. Niyyata mu tafi a motar, ni da maiɗakina da yaranmu uku, ƙaramin yana goye, sai ƙanena wanda shi ma ya iya tuƙi. Za mu yada zango a Zariya wajen surukaina, mu yi kwana biyu a Kano saboda sayayyar biki (kuɗinta daban suke, dangi suka haɗa), sannan mu ƙarasa. Abin da na iya tarawa na hanya naira dubu 700 ne, zuwa da dawowa. Don su isa, na ce duk inda dare ya yi mana mu kwana cikin mota, ba ruwanmu da otal. Maiɗakina ta ce ita ba za ta kwana a titi da jariri ba, yau kwana uku ba ma shiri. Yaya zan rage kashe kuɗi a wannan tafiya, kuma yaya zan shawo kanta?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya alheri a bikin, ya sa motar ta arziki ce.

Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. A wannan gardamar maiɗakinka ce da gaskiya. Kwana a mota ba abin kunya ba ne, ni kaina na yi shi a wannan hanyar fiye da a ƙirga, kuma zan gaya maka yadda ake yinsa. Amma ka sa yatsa ka toshe ƙaramar huda, ga babbar can gefe tana tsiyayar da ruwan tulun.

Ɗauko takarda da biro mu buga. Daga Legas zuwa Kano kilomita dubu ɗaya ne da ɗoriya, ɗoriyar kuwa ta danganta da hanyar da ka bi. Ƙara Haɗeja, ƙara dawowa, ƙara zirga-zirgar biki wadda na san ba ka sa ta a lissafi ba. Duk wanda ya shiga gari da mota ana biki ya zama direban dangi: je ka ɗauko gwaggo a ƙauye, kai kujeru, raka amarya, mayar da 'yan rakiya. Mu ce kilomita 2,800 gaba ɗaya. Sienna mai silinda shida, ɗauke da mutum shida da kayansu, in ta ba ka kilomita 8 a lita ɗaya ka gode wa Allah. Lita 350 ke nan. Ka buga da farashin da ke jikin famfo a ranar da kake karanta wannan. In ma mun ce lita naira dubu ɗaya don lissafi ya yi sauƙi, dubu 350 sun tafi, rabin abin da ka tara cif. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, tafiya Arewa da motar kai ta koma tafiyar mai, sauran abubuwan duk 'yan rakiya ne.

To, dubi abin da kuke faɗa a kansa. Dare nawa ne zai same ku a hanya? Ɗaya a zuwa, ɗaya a dawowa. Zariya akwai surukai, Haɗeja gida ne. Kano kuwa, ba wanda zai sa in yarda cewa ɗan kasuwar Mile 12 ba shi da mai sauke shi a Kano. In ma babu, ku baro Zariya da sassafe, ku wuni a Kantin Kwari da Sabon Gari, ku mayar da kwana biyun ɗaya. Ɗaki mai tsabta a ƙaramin masauki ko da ya kai dubu 20, dare biyu dubu 40 ne. A kan dubu 40 cikin dubu 700 gidanka ya kwana uku ba dariya.

Kuma wannan dubu 40 ɗin tana nan ƙarƙashin ƙafarka ta dama. Dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a awa a kan babban titi, amma ka san halinmu, da an haura Berger aka ga titin Ibadan ya miƙe sai ka ga allura ta wuce 130. Mota mai faɗin goshi irin Sienna iska take turewa, kuma gwargwadon gudunka gwargwadon man da za ta zuƙa. Direban da ya tsaya tsakanin 90 da 100, bai riƙa fizgar mota yana danne birki ba, zai iya rage lita ɗaya cikin kowace goma. A tafiyarka lita 35 ke nan, kuɗin ɗaki ya kusa fita. Duba iskar tayoyi da safe tun ba su yi zafi ba, adadin da ake so yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Kaya a saman mota ma mai suke sha, in za su shiga ciki a sa su ciki. Cika tanki a Legas, domin yawanci farashi yana ƙaruwa ne gwargwadon nisan da tanka ta yi daga bakin teku. A hanya kada ka jira fitilar mai ta kama. Da ya sauka rabi ka ƙara a babban gari, a gidan man da ka ga motocin haya suna layi, idonka a kan mita ta koma sifili kafin a fara zuba. Wanda ya bari mai ya ƙare masa a daji shi ne abincin 'yan bumburutu, ya saya da tsada, ya kuma sayi abin da bai san me aka gauraya a ciki ba. Jarkar fetur a cikin motar da yara ke zaune, har ana niyyar kwana a cikinta, wannan kada ma ka fara.

Yanzu ga yadda za a raba gardamar. Ku nemi ƙaramin masauki mai katanga da get da maigadi, ku kama ɗaki ɗaya. Maiɗakinka da yara su shiga, kai da ƙanenka ku kwana a mota cikin harabar. Ka faɗa wa mai karɓar baƙi tun kafin ka biya, kada sai tsakar dare maigadi ya haska ku da tocila a fara bayani. Wasu za su ce ba komai, wasu su nemi ɗan ƙari, wanda ya ƙi kuma ka yi gaba. Da kuɗin ɗaki ɗaya ka sami banɗaki da ruwa na mutum shida, wurin cajin waya, da katangar da za ta tsare motar da kayan biki.

Ka tsaya ka yi tunanin abin da take hangowa. Kai in fitsari ya kama ka cikin dare, buta za ka ɗauka ka zaga bayan mota. Ita fa? Mace mai shayarwa, da jaririn da za a wanke, a canza masa, a nemo masa ruwan zafi, ga sauran yaran biyu, duk a bakin titi tsakanin direbobin da ba ta sani ba. Ita wannan take gani, kai kana ganin dubu 20.

Zan ba ka labarin wautata. Wata shekara ni da wani abokina muna dawowa daga gida a tsohuwar motata, dare ya yi mana kusa da Jebba, muka ce kuɗin otal asara ne. Muka shiga wani gidan mai da ya riga ya rufe, ba fitila ba maigadi, muka kwantar da kujeru. Ba mu yi minti goma ba sauron Kwara ya ji labarinmu. Wanda ya saba da sauron Agege yana ganin ya san sauro. Wannan ta cikin riga yake cizo. Muka rufe gilas, zafi ya taso, gumi yana bin kujera. Muka buɗe, suka dawo da 'yan uwansu. Daga ƙarshe na murɗa makulli rabi na kunna fankar mota, barci ya sace mu. Da asuba gilas duk ya yi raɓa daga ciki, wuyana ya ƙage, na murɗa makulli motar ta ce ƙat, ta yi shiru. Batir ya mutu murus. Sai da gari ya waye muka sami samari huɗu suka tura mu, kowanne da abin da ya karɓa. Bayan kwana goma zazzaɓi ya kwantar da ni, kuɗin allura da magani ya ninka na ɗakin da na ƙi kamawa. Kuma ka lura, tawa mai giyar hannu ce shi ya sa turi ya tashe ta. Taka otomatik ce, ko mutanen unguwa guda suka tura ba za ta tashi ba, don haka wayar haɗa batir ta zama dole a but ɗinka.

In za ku kwana a motar, ku kwana da ilimi. Abu na farko, inji a kashe. Na san jarabar barin esi, wato na'urar sanyaya mota, a kunne cikin dare, amma hayaƙin salansa yana ɗauke da iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda muke jin ta hallaka iyali guda a Legas idan an kwana da janareta a cikin gida. Mota tana tsaye, salansa ta ɗan huje, iskar ta taru a ƙasa ta shigo ciki, mai barci ba zai farka ya gane ba. Haka nan kada a kunna maganin sauro na hayaƙi a rufaffiyar mota, balle garwashi don jin ɗumi. Ku sauke gilasai biyu masu kallon juna kamar faɗin yatsa biyu don iska ta ratsa. Nemo tsohon gidan sauro a gida, a yanka shi gida-gida, a lulluɓa saman ƙofa sannan a rufe ƙofar ta danne shi. Kyauta ne, kuma ya fi duk wani feshi. Ƙaramar fanka mai caji ta ishe ku, musamman da yake Disamba ne.

A yawancin Sienna da ke yawo a Legas kujerun can baya suna naɗewa su shige ƙasa, sai ka ture na tsakiya gaba, ka sami filin da mutum biyu za su miƙe. Matsalar ita ce kaya. In ka cusa manyan akwatuna, kowane dare sai kun yi aikin 'yan dako. Zuba kayan a jakunkunan Ghana-must-go matsakaita, waɗanda za a iya tulawa a kujerar gaba ta fasinja cikin minti biyar. Shimfiɗa tabarma, ɗora 'yar siririyar katifa ko bargo biyu. Kujerar direba kuwa a bar ta ba komai a kai, makulli a wuri ɗaya da ku biyun kuka sani, motar kuma a juya ta hancinta yana kallon get. In wani abu ya taso cikin dare ba lokacin ribas ba ne.

Wurin da za a tsaya ya fi yadda za a kwanta muhimmanci. Ƙa'idata guda ce: ina neman makwanci tun rana tana sama. Da la'asar ta yi sanyi na daina tunanin ƙara gari ɗaya. Hanyoyin nan ba na dare ba ne yanzu, ka fi ni sani, kuma mai neman masauki bayan isha duk abin da aka ce masa shi zai biya. In masaukin bai samu ba, ka tuna da ɗan gari akan ci gari. Kusan duk babban garin da za ka ratsa a ƙasar Yarbawa akwai Sabo, Shagamu da Ibadan da Ogbomosho duk akwai, da masallacinsu da Sarkin Hausawansu. Ka yi sallar magariba da jama'a, ka gaisa da liman ko ladan, ka ce matafiyi ne kai da iyali. Sau da yawa za ka ga an shigar da mata cikin gida, ku maza an nuna muku inda za ku ajiye mota. Da safe ka sa wani abu a asusun masallaci, ka ba yaran gidan na alawa. Gidan mai mai kwana a buɗe, da fitila da maigadi, shi ma yana yi ga maza zalla. Ka gaida maigadin, wataƙila ma ɗan gida ne, ka saya masa shayi da burodi, ka ba shi na goro tun da dare. Inda ban yarda ba shi ne kafaɗar titi, da tsakiyar tankoki a wuraren da manyan motoci ke kwana irin Ogere ko Tafa. Wanda ya ji labarin fashewar tankar mai a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, da mahaɗar Dikko kusa da Suleja a Janairun 2025, ba sai an ce masa ya nisanci tankar mai ba. A ci abinci a wajensu, abincin direbobi akwai daɗi da araha, amma a kwana nesa.

Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka bi Ibadan, Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa, Bida ka ɓulla wajen Suleja, ko ka bi Ife, Akure, Owo, Okene, Lokoja ka shiga Abuja, daga nan duk Kaduna za ka nufa. Ba zan zaɓa maka daga nan ba, domin hanya tana canza hali. Ambaliyar 2022 ta datse hanyar Lokoja wajen Koton Karfe motoci suka yi kwanaki a tsaye, ta Mayun 2025 kuma ta yi ɓarna a Mokwa. Ana jibi za ku tashi ka je tashar da motocin Arewa ke lodi, ka sami direban da ya sauka jiya, ka tambaye shi ina ne ya lalace, ina ake tsayawa, ƙarfe nawa ake daina wucewa. Matambayi ba ya ɓata. Taswirar waya kuwa gajeriyar hanya kawai ta sani. In ta ce ka yanke ta Tegina ka bi Birnin Gwari don ka rage kilomita, ka bar ta da ra'ayinta sai ka ji daga bakin masu bin hanyar. Ku bar Agege da an sallame asuba, kuma ka kauce wa ranakun manyan tarukan ibada na Kiristoci a sansanoninsu da ke bakin titin Ibadan, irin Juma'ar farkon wata da babban taronsu na Disamba, don awa uku cikin cunkoso mai ne yake ƙonewa a banza.

Abin da ke karya matafiyi da gaske shi ne lalacewar mota a garin da bai san kowa ba. Can ne fambel na dubu kaɗan yake zama na dubu da yawa, ga kuɗin jan mota, ga kwanan dole. Kai ta wajen bakaniken da ka saba da shi mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in ya taɓa wani abu ya bar shi a kwance ya nuna kansa tun kana Legas. A juye baƙin mai, a duba birki, man giya, lagireto da robobinsa, fambel da batir. Bayan an gama, cika tanki ka je Shagamu ka dawo, ka sake cikawa, ka raba kilomitar da litar. Nan za ka san ainihin cin motarka, ka gyara lissafin da na yi maka da ka. Tayoyi kuma kada zanensu ya ruɗe ka. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a jere, misali 2319, ma'ana an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Yawancin tayoyin hannu da muke saya sun tsufa tun kafin su iso, kuma tsohuwar taya da lodi da zafin kwalta ba sa jituwa. Ka sauke safaya ka tabbatar akwai iska a ciki, da jak da abin kwance taya.

Takardu ma kuɗi ne. Lasin naka da na ƙanenka, takardun mota, takardar lafiyar mota, da inshora, wadda ta koma naira dubu 15 ga ƙaramar motar gida tun Janairun 2023, 'yan sanda kuma suka tsananta bincikenta daga Fabrairun 2025. Tukunyar kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku su kasance a inda hannu zai kai. Shingayen da ke tsakanin Legas da Kano ba su da iyaka, kuma mai cikakkun takardu gaisuwa yake yi ya wuce, mai giɓi ɗaya kuwa zai biya kuɗin giɓin nan a kowane shinge. Yara duka a baya, kowa da bel. Sa lambar jami'an kiyaye haɗurra, 122, a wayarka da ta maiɗakinka.

Abinci ba sai na koya wa gidan Bahaushe guzuri ba. Dambun nama ko soyayyen nama da ya bushe sosai, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da suga, dabino, cincin, dafaffen ƙwai na ranar farko, burodin Agege tun da a bakin ƙofarku yake, da babban filas biyu na ruwan zafi, ɗaya na shayi ɗaya na jariri. Shinkafa dafa-duka a kula za ta kai ku azahar ɗin farko, kada ta wuce nan. Ruwa ku ɗauki jarka ta alwala da wanke-wanke, na sha kuma ku sayi jaka-jaka a gari maimakon ɗaya-ɗaya ta taga. Abin da ke cin kuɗi a hanya ba babban abinci ba ne, 'yan saye-sayen taga ne, yaro ya ga wannan ya nuna, ya ga wancan ya yi kuka. Sau ɗaya a rana ku zauna ku ci mai zafi. Kun kuma san sauƙin da addini ya yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli, sai ku daidaita tsayawar salla da ta abinci da ta shan mai su zama ɗaya. Yaran nan haihuwar Legas ne, ba su san hunturun Zariya ba. Ka leƙa kasuwar Katangowa ka samo musu rigunan sanyi da huluna na gwanjo tun yanzu, a haɗa da man shafawa saboda tsagewar leɓe.

Za a kawo maka saƙo, wannan ba makawa. Da an ji za ka gida da mota, rabin Mile 12 yana da abin aikawa. Karɓar na mutanen da ka sani, su ɗan taimaka da kuɗin mai, ba laifi. Amma duk ƙullin da ba a buɗe a gabanka ka ga cikinsa ba, kada ya shiga motarka, ko na wane ne. A shinge ba a tambayar mai saƙo, wanda ke riƙe da sitiyari ake tambaya.

Saura babbar hudar da ba ka ambata ba ko sau ɗaya a wasiƙarka, kuma ita ce na fi ji maka tsoro: gida. Shekara huɗu ba a gan ka ba, sai ga ka da mota mai lambar Legas. Kai ka san albasa ce da bashi da tashin asuba suka haɗa ta, su kuwa abin da suka gani shi ne ɗansu ya yi arziki. Za a zo gaisuwa tun daga safe, kowa da 'yar buƙatarsa a bayan gaisuwar, kuma yawancinsu buƙatun gaskiya ne, magani, kuɗin makaranta, rufin ɗaki. Ga maroƙa, ga 'yan matan amarya, ga abokan ƙuruciya da za su ce a wanke mota. Na ga mutanen da suka yi tsumulmular ruwan leda tun daga Legas har Kano, suka zubar da dubu ɗari biyu cikin kwana uku a ƙofar gida, ranar komawa suna neman rancen kuɗin mai. Ba cewa nake ka rufe hannu ba, zumunci ne ya kai ka. Rubuta sunayen waɗanda dole ne, iyaye, kakanni, gwaggonni, surukai, ka sa wa kowa adadi tun kana Agege, ka canzo sababbin ƙananan kuɗi na yara da 'yan barka. Tsaraba kuma ka sayi abin da ke da araha a inda ka fito yake da daraja a inda za ka: manja da garin kwaki daga Kudu, doya a bakin hanya in kun shiga Neja. Galan ɗin manja ɗaya da aka raba a kwalabe ya fi faranta ran tsofaffi a kan 'yan kuɗin da za su ƙare a yini.

In ni ne, ga yadda zan kasa dubu 700 ɗin. Mai 350. Gyaran mota da takardu 60. Ɗaki 40. Abinci da ruwa 50. Tsaraba da hidimar gida 100. Sauran 100 na ko-ta-kwana, ba a taɓa su sai mota ta tsaya ko wani ya kwanta ciwo. In gwajin Shagamu ya nuna motarka ta fi haka ci, daga tsaraba za ka rage, kada ka taɓa na ko-ta-kwana. Kada kuɗin su zauna wuri ɗaya: kaɗan a aljihu, wasu a ɓoye cikin mota, mafi yawa a banki. Ka riƙe tsabar da za ta cika tanki sau ɗaya a kowane lokaci, don akwai inda sabis zai ɗauke, na'urar POS ta ƙi, kuma wanda ya ga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 ya san tura kuɗi ta waya ba kullum yake ceto ba.

Batun shawo kanta kuwa, ba shawo kai za ka yi ba, haƙuri za ka ba ta. Yau da dare bayan yara sun yi barci ka ɗauko takardar lissafin nan ka ajiye a gabanta, ka ce kin yi gaskiya, ɗaki ɗaya naku, mota tamu. Sannan ka damƙa mata kuɗin ko-ta-kwana da na man dawowa, dubu 100 da dubu 175, ta riƙe a asusunta ko a ƙasan jakar kayan jariri. Ka gaya mata ko kai ne ka zo kana rantsuwa a Haɗeja cewa wani kawunka yana cikin matsala, kada ta ba ka sai ranar da kuka juyo da hancin mota Kudu.